Shin Ko Kun San? Kek ɗin Citta na Lokacin Kirsimeti

Shin ko kun san cewa ƙamshin da mutanen Turai ke ɗauka a matsayin ƙamshin gida a watan Disamba, babu ko ɗaya daga cikin kayan da ke ba da shi da ke tsirowa a ƙasarsu? Citta, kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, duk 'yan ƙasashen zafi ne, dusar ƙanƙara ta dare ɗaya ta isa ta hallaka su. Amma da zarar an shiga makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, daga Jamus zuwa Ingila, daga Poland zuwa Amurka, ƙamshin waɗannan huɗun ne ke tashi daga ɗakunan girki, a cikin wani kek baƙi-baƙi, mai danshi, mai ɗan yaji a maƙogwaro. Shi ne kek ɗin citta.

Ko kun san cewa kakansa na Ingila ko tanderu ba ya shiga? A ƙarni na 15 zuma ake tafasawa a kwashe kumfar, a zuba garin busasshen burodi a yi ta tuƙawa har ya yi kauri, a barbaɗa masoron Indiya da kirfa, wani lokaci a rina shi ja da garin itacen sandal, sannan a danne shi a faranti a yanka gida-gida. Akwai wani rubutaccen tsarin girki na wajajen 1430 da ke ajiye a Landan, wanda ya lissafa zuma da za'afaran da masoro da kirfa, amma babu citta a cikinsa ko ƙyas, alhali da sunanta ake kiran abincin.

Shin ko kun san cewa a Ingila ta ƙarni na 14 laba ɗaya ta citta, wato ƙasa da rabin kilo, takan kai kuɗin tunkiya guda? Ku dubi hanyar da take bi. Daga gaɓar Malabar ta Indiya jiragen ruwa su kai ta Adan, daga nan ta bi Bahar Maliya zuwa Misira, a Iskandariyya 'yan kasuwar Benis su saya, sannan a ɗora ta a bayan dabbobi a ƙetara duwatsun Alps. Duk hannun da ya taɓa ta sai ya ɗora ribarsa, duk sarkin da ta ratsa ƙasarsa sai ya karɓi kuɗin fito. Talakan Turai ba ya ganin irin wannan kaya sai ranar babban biki, kuma babu bikin da ya kai Kirsimeti a wurinsa. Ruwa ba ya tsami banza: tsadar kayan ce ta ɗaure wannan kek da ƙarshen shekara. Larabawan da ke fataucinta kuwa sun daɗe da sanin darajarta, ga shi Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratul Insan cikin abin shan 'yan Aljanna.

Shin ko kun san abin da ya sa birnin Nurembag na Jamus ya yi wa sauran birane fintinkau a wannan sana'a? Abu biyu ne suka haɗu masa. Na farko, hanyoyin fataken da ke tasowa daga Benis zuwa arewacin Turai ta cikinsa suke ratsawa, don haka a ƙofar gida ake sauke masa kayan ƙamshi. Na biyu, daji ne ya kewaye shi, dajin kuma cike da ƙudan zuma, har ana yi masa kirari da lambun zumar daula. Masu ɗibar zumar wannan daji ba ƙananan mutane ba ne. A 1350 Sarki Karl na Huɗu ya ba su takardar gata, suna da kotunsu ta kansu a garin Feucht, kuma an yarje musu riƙe makami. Takardun birnin sun ambaci mai gasa burodin zuma tun 1395, a 1643 kuma masu sana'ar suka samu ƙungiyarsu mai zaman kanta, wadda ba kowa ke shiga ba sai wanda ya gama koyo a hannun gwani. A 1487, lokacin da Sarki Friedrich na Uku ya sauka a birnin, ya tara yara kimanin 4,000 aka raba musu burodin da aka buga wa hoton fuskarsa. Har yau kasuwar Kirsimeti ta Nurembag, wadda ake buɗewa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba a rufe ranar 24 ga Disamba, tana karɓar baƙi wajen miliyan biyu, kuma wannan burodi da suke kira Lebkuchen shi ne tsarabar da ba a komawa gida ba tare da ita ba.

Ko kun san cewa a da a kudancin Jamus da Ostiriya mai gasa burodin zuma shi ne kuma mai yin kyandir? Amya ɗaya ce ke ba shi kayan sana'ar biyu: zuma ta tafi kwaɓi, kakin ya tafi kyandir.

Kun taɓa jin kek ɗin da doka ta ƙayyade wa fulawa? Mafi daraja a cikin na Nurembag, wanda ake kira Elisen, dole ne aƙalla kashi 25 cikin 100 nasa ya zama 'ya'yan itace masu ɓawo, wato almon ko hazal ko walnot, fulawa kuma kada ta wuce kashi 10. Tun 1996 Tarayyar Turai ta hana a saka sunan birnin a kan wanda ba a cikin birnin aka gasa ba.

Shin ko kun san cewa akwai ƙullun da ake kwaɓawa yau, ba za a gasa shi ba sai bayan wata guda ko fiye? A Poland uwargida takan kwaɓa nata tun farkon Nuwamba, ta zuba a tukunyar ƙasa, ta rufe da ƙyalle, ta kai wuri mai sanyi ta bar shi har makonni huɗu zuwa shida. Yawan zuma da sukarin da ke ciki ne ke hana shi ruɓewa, sanyin ƙasar kuma ya taimaka. A tsawon wannan zama ƙullun yana ɗan yin tsami a hankali, kayan ƙamshin suna ratsa shi, idan aka gasa sai ɗanɗanon ya fito a dunƙule, ba ka iya cewa ga kirfa ga kanumfari. A da har akwai gidajen da ke kwaɓa ƙullu idan an haifi 'ya mace, a adana shi sai ranar aurenta. Birnin Torun ne cibiyar sana'ar a can tun ƙarni na 14. Makaɗin fiyano Chopin ya ziyarci birnin a 1825 yana ɗan shekara 15, kuma a wasiƙar da ya aika wa abokinsa, burodin ne ya fi samun yabo a kan gine-ginen garin.

Ko kun san cewa kafin a ƙirƙiro bekin hoda, da toka ake tayar da shi? Ana jiƙa tokar itace, a tace, a dafa ruwan har ya ƙafe ya bar wani farin gishiri. Idan wannan gishiri ya haɗu da tsamin da ke cikin zuma ko tsohon ƙullu sai ya saki iska, iskar ta buɗa kwaɓin. Duk uwargidan da ta taɓa tsiyaye ruwan toka, ko ta jefa 'yar kanwa a miyar kuɓewa, ta san dangin abin da ake magana a kai. Jamusawa har gobe suna sayen wannan gishiri a 'yan ƙananan fakiti idan Disamba ta gabato, tare da wani na biyu da asalinsa daga ƙonannen ƙahon barewa ake samun sa. Wannan na biyun yana da sharaɗi: idan ya ji wuta wari mai hawa kai yake saki, don haka a siraran biskit kawai ake sa shi, inda warin zai fice gaba ɗaya. Aka kuskura aka sa shi a kek mai kauri, warin ya zauna ke nan.

Shin ko kun san cewa baƙin da kek ɗin yake da shi a yau ba da shi aka haife shi ba? Daga ƙarni na 17 ne Ingila ta fara sauya zuma da molasis, wato baƙar zumar rake, ragowar ruwan da ke tsiyayewa bayan an cire ƙwayar sukari. Ta fi zuma araha nesa ba kusa ba, don haka kek ɗin da a da sai gidan mai hali ya sauko har gidan leburan masaƙa. Sai dai arahar tana da dalili, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Gonakin raken Barbados da Jamaika da gumin bayi ake noma su, mutanen da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da ƙasashen da a yau muke kira Najeriya da Gana da Binin. Wani ɓangaren zumar raken ma giya ake yi da shi, a kawo giyar gaɓar Afirka a musanya da wasu mutanen. Duk lokacin da na ga hoton wannan kek a mujalla an yi masa ado da farin sukari, waɗancan mutanen nake tunawa, kuma ina ganin haƙƙinsu ne a ambace su a duk inda ake ba da tarihinsa.

Ko kun san cewa yaƙi ma ya taɓa sauya masa ɗanɗano? Da Napoleon ya toshe cinikin Turai da Ingila a 1806, sukarin rake ya yanke, sai masu gashin birnin Aachen suka koma amfani da ruwan zaƙin gwozar sukari. Da shi suke yi har yanzu.

Kun san cewa zumar rake ta taɓa yin ambaliya? Ranar 15 ga Janairun 1919 wata ƙatuwar tanki ta fashe a birnin Boston na Amurka, lita wajen miliyan 8.7 ta malalo kan titi. Mutum 21 suka rasu, kimanin 150 suka jikkata.

Shin ko kun san cewa littafin girki na farko da 'yar Amurka ta rubuta, wato na Amelia Simmons da ya fito a 1796, yana ɗauke da tsarin kek ɗin citta da ake tayarwa da gishirin toka? Daga irin wannan ne kek mai laushi ya rabu da tsohon burodi mai tauri. Bekin hoda kuwa sai a 1843 Alfred Bird ya haɗa shi a Birmingham, saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Haka nan garin kek na kwali, wanda ake zuba wa ruwa kawai a gasa, da kek ɗin citta ya fara. Wani kamfanin zumar rake a Pittsburgh, P. Duff and Sons, kaya ne suka yi masa kwantai, sai ya gano yadda zai busar da zumar tare da fulawa. A 1930 ya nemi rajistar dabarar, a 1933 ya samu.

Shin ko kun san cewa an taɓa musayar wani ɗan tsibirin gyaɗar ƙamshi da wurin da a yau yake tsakiyar birnin New York? Har zuwa ƙarni na 18, a tsibiran Banda na Indonesiya kaɗai ake samun wannan ƙwaya da ake kankarawa a kek. Don su mallake cinikinta su kaɗai, a 1621 'yan Holan ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen suka auka wa tsibiran. Mutanen wurin, da aka ƙiyasta sun kai 15,000, aka kashe na kashewa, aka bautar da na bautarwa, saura suka tsere. A yarjejeniyar Breda ta 1667 Ingila ta sakar wa Holan tsibirin Run, ɗaya daga cikin na Banda, ita Ingila kuma ta riƙe Manhattan. A lissafin wancan zamani Holan ce ake gani ta ci riba.

Kanumfari fa? Shi ma daga Indonesiya, tsibiran Maluku, ya fito, kuma fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. Wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka sato tsironsa a 1770 aka kai Morishas, daga can ya isa Zanzibar da Pemba a farkon ƙarni na 19. A yau Indonesiya ce ta fi kowa noma shi, amma mafi yawansa a taba sigari take ƙone shi.

Ko kun san cewa kirfa iri biyu ce, kuma hukuma ta sa wa ɗaya ido? Ta Siri Lanka siririya ce, ɓawonta a nannaɗe falle-falle, tana marmashewa a hannu. Ta Sin da Indonesiya da Biyetnam, wadda ita ce ta cika kasuwanni, kauri gare ta da tauri, ƙamshinta ya fi ƙarfi, amma tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin da ke wahalar da hanta idan ya yi yawa. Dokar Tarayyar Turai ta ce kada ya wuce miligiram 15 a kilo ɗaya na kayan gashi na yau da kullum, amma ta ɗaga wa kayan gargajiya da na lokutan biki ƙafa zuwa miligiram 50, tunda ba kullum ake cin su ba.

Yanzu ga wadda ta fi shafar mu. Shin ko kun san cewa Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen noman citta, kuma kusan duk abin da take fitarwa daga kudancin Kaduna yake fitowa? Indiya ce kan gaba a yawa, amma tamu ta yi suna wajen yaji da yawan mai, abin da masu sarrafa kayan ƙamshi ke nema ke nan. Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a, nan ne gidanta, kuma tun wajajen 1927 aka fara noma ta don kasuwa. Iri biyu manoma suka fi shukawa, sunayensu kuma sun isa su nuna maka siffarsu: Tafin Giwa, mai faɗi da ƙiba, cikinta rawaya, da Yatsun Biri, siririya mai duhu. Ana shukawa da faɗuwar damina a lulluɓe kunya da ciyawa, a haƙe daga Nuwamba. Sai aikin tsagawa: mata da yara zaune da wuƙa, ana raba kowace saiwa biyu a tsaye, a baza a kan duwatsu da tabarmi iskar hunturu ta busar. Wanda ya bi hanyar Kachia zuwa Kwoi a Disamba, hancinsa zai gaya masa kafin idonsa. Daga nan sai buhu, sai tirela zuwa Legas, sai jirgin ruwa, kuma Turai na cikin masu saye. Wato a watan da ake shanya ta a nan, a watan ne ake barbaɗa ta bara a kwaɓin can. A 2023 wata cutar fumfuna ta auka wa gonakin yankin, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka tashi babu amfani babu iri, farashin buhu ya ninka sau da yawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan shekara ɗari muna sayar da ita a tsage a buhu, niƙawa da tacewa da zubawa a kwalba galibi a wata ƙasa ake yi, ribar ma can take kwana.

Ko kun san cewa busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji, kuma ba don ruwan da ya fita kaɗai ba? Sinadarin da ke ba ɗanya zafinta, idan aka busar da ita, rikiɗa yake ya koma wani mai suna shogawol, wanda ya kusan ninka na farko ƙarfi. Idan kuma aka dafa ɗanyar sai wani ɓangarensa ya koma mai sauƙi, mai ɗan zaƙi-zaƙi. Shi ya sa gwanayen gashi ke haɗa biyun: gari don zafin da ke zama a maƙogwaro, ɗanya don ƙamshin da ke tarar hanci.

Shin ko kun san cewa gidan da ake ginawa da burodin citta daga tatsuniya ya samu farin jini? A tatsuniyar Hansel da Gretel, wadda 'yan'uwan nan biyu na gidan Grimm suka buga a 1812, yara biyu sun ɓace a daji suka tarar da gidan mayya wanda aka gina da burodi, rufinsa kek, tagoginsa sukari. Wasan waƙa da Humperdinck ya yi a kan labarin, wanda aka fara nunawa ranar 23 ga Disamban 1893, shi ya ƙara manna gidan da Kirsimeti. A birnin Bergen na Norwe, tun 1991 makarantu da iyalai ke haɗuwa duk shekara su gina gari sukutum, da jiragen ƙasa da na ruwa. A 2013 kuma a garin Bryan na jihar Texas aka gina wanda mutum ke shiga ciki ya tsaya, aka fasa ƙwai 7,200 a kwaɓinsa, kuɗin kallo aka ba asibiti. Ni dai a wurina waɗannan na ido ne. Ƙullun gini sai an rage masa mai an ƙara fulawa don ya iya tsayuwa, ya kwana makonni yana shan ƙura. Wanda ya cancanci wahalar uwargida shi ne mai laushin nan da ake yankawa da wuƙa.

Ko kun san cewa a Suwidin akan ɗora siririn biskit ɗin citta a tafin hannu a danna tsakiyarsa da yatsa, in ya fashe gida uku sai a ce burin mutum zai cika? Cewa a arewacin Kuroshiya saurayi yakan ba budurwa ja mai siffar zuciya da ɗan madubi a tsakiya, sana'ar da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2010? Cewa a Yorkshire nasu da ake kira Parkin da garin ot ake yi, kuma ba sa jiran Kirsimeti, daren 5 ga Nuwamba suke cin sa a gefen wuta? Cewa na Faransa, wanda Dijon da Reims suka shahara da shi, sau da yawa ko citta babu a ciki, zuma ce da anis?

Wannan kuma a kula da shi: wasu tsare-tsaren Birtaniya da Amurka da baƙar giya ake kwaɓa su. Mai saye a kanti ko mai kwafa daga intanet ya karanta jerin kayan. Baƙin shayi mai kauri ko kofi yana ba da ɗan ɗacin da ake nema.

To, uwargida, ko kin san cewa wannan kek yana cikin mafi sauƙin yi, don ko injin bugu ba ya buƙata? Ga ma'auni: fulawa giram 300, bota giram 150, baƙar zumar rake giram 200, zuma giram 150, sukari mai ruwan ƙasa giram 125, madara mililita 250, ƙwai 2, bekin soda ƙaramin cokali 1, garin citta babban cokali 1, ɗanyar citta gurzajjiya ƙaramin cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1, kanumfari kwatan ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi ɗan kankare, gishiri kaɗan. Kanumfarin nan kada ki ga kamar ya yi kaɗan. Shi ba ya zaman lafiya da kowa idan ya yi yawa, zai danne sauran ya bar harshe a mace.

Idan zumar rake ta yi wuyar samu, mazarƙwaila tana nan, irin ta Maƙarfi. Ruwan rake ne da aka dafe ba a cire masa komai ba, don haka baƙin da ƙamshin duk suna cikinta. Ki farfasa giram 300 a madadin zumar raken da sukarin, ki narkar da babban cokali 4 na ruwa a wuta kaɗan, ki tace da rariya mai laushi saboda tsakuwa da ɓawon rake. Tunda ba ta kai zumar rake tsami ba, ki sa kindirmo a maimakon madara.

Shin ko kin san amfanin tsamin? Bekin soda shi kaɗai ba ya tayar da komai yadda ya kamata, sai ya gamu da abu mai tsami sannan yake sakin iska. Shi ne kuma ke ƙara wa kek ɗin duhu a wuta. Amma cokali ɗayan nan a shafe bakinsa, kada a yi masa tozo. In ya yi yawa kek zai taso da sauri ya rufta a tsakiya, a baki kuma a ji shi kamar sabulu.

Ki narkar da bota da kayan zaƙin a tukunya, kada ki bari su tafasa. Ki sauke, ki zuba kayan ƙamshin tun da sauran zafi, domin a cikin mai suke sakin ƙamshinsu. Ki bari ya huce har ki iya tsoma yatsa, sannan madara da ƙwai su shiga, in ba haka ba ƙwan zai dahu ya yi gudaji. Ki tankaɗe fulawa da soda da gishiri, ki juye ruwan a kai, ki juya daidai yadda garin zai ɓace, ki tsaya. Yawan bugu tauri yake jawowa. Ƙullun zai yi ruwa-ruwa har ki yi zaton an yi kuskure. Haka ake son sa, kada ki ƙara fulawa. Ki shimfiɗa takardar gashi a gwangwani mai faɗin santimita 23, ki juye, ki sa a wuta nan take, don soda ya riga ya fara aiki.

Ko kin san cewa launinsa ne babban tarkonsa? Kek ne da ya shiga wuta da baƙinsa, ido ba zai gaya miki ya gasu ko ya ƙone ba, ga shi zuma da zumar rake sun fi farin sukari saurin kamawa. Wuta ta tsaya a digiri 160 zuwa 170, minti 45 zuwa 55, kuma kada a buɗe murfi a rabin awar farko. Mai gashi a tukunya da yashi ta rage garwashin ƙasa ta ƙara na kan murfi. Ki soka tsinken sakace a tsakiya: in ya fito da ɗan ɓurɓushi mai danshi, ya yi. In kika jira ya fito tas, ya wuce.

Shin ko kun san cewa ranar da aka gasa shi ita ce ranar da ya fi rashin daɗi? Zuma da zumar rake suna jawo danshi su riƙe, kayan ƙamshi kuma suna buƙatar lokaci kafin su saje. A bar shi ya huce sarai a cikin gwangwaninsa, a naɗe da takarda, a sa a mazubi mai murfi, a kau da kai kwana biyu ko uku. Samansa zai yi danƙo yana kama yatsa, cikinsa ya yi duhu ya yi laushi. Jamusawa kan jefa yankan tuffa a cikin gwangwanin nasu don ya ƙara taushi. A nan kuwa Disamba tsakiyar hunturu ce, iskar da ke busar da citta a Kachia ba za ta raga wa kek ba, don haka murfin ya rufu ruf, kuma a riƙa yankan abin da za a ci kawai. A haka yana kai mako guda lafiya lau, a firiza kuma wata uku. Amurkawa da miyar lemon tsami ko bugaggen kirim suke cin sa, 'yan Ingila su shafa masa bota, amma da baƙin shayi marar sukari citta ta fi fitowa.